Sifawa a Kwamfuta: Kwafi Sai da Isnadi

Shekara biyar kacal Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi a Sifawa, daga wajen 1810 zuwa 1815, amma shekaru ne masu nauyi a tarihin ƙasar nan. Alƙalawa ta riga ta faɗi a 1808, ƙurar yaƙi ta ɗan lafa, sai Shehu ya baro Gwandu ya zo ya zauna yana karantarwa yana rubutu, ƙanensa Malam Abdullahi yana dab da shi a Boɗinga, ɗansa Muhammadu Bello kuma yana can yana kafa Sakkwato. A wannan zaman ne ya rubuta Sirajul Ikhwani a 1811, da Najmul Ikhwani a 1812, da Ta'alimul Ikhwani a 1813. A 1812 ya raba kulawa da daular gida biyu, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi. A shekarar ce Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, a mai bi mata kuma Abdullahi ya haɗa Tazyinul Waraƙati. Yau Sifawa tana cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, kuma wanda ya je neman garin 1812 da idonsa ba zai gan shi ba, domin ginin laka ba ya rayuwa sai da yaɓe, in ya gaji a rushe a tayar da wani, har siminti da kwano su gaje gurbinsa. To, yanzu da kowane saurayi ke yawo da kyamara a aljihu, jirgi marar matuƙi ya yi araha, kwamfuta kuma tana iya zana gari sukutum ta sa mutum ya zaga lungunansa yana zaune a ɗaki, tambaya ta zama dole: me ya kamata a adana daga Sifawa, kuma ta wace hanya? Amsar da wannan sharhi ke karewa ita ce duk abin da aka sa a kwamfuta kwafi ne, kuma darajar kwafi tana ga isnadinsa da masu ci gaba da kwafe shi.

Wannan ma'auni na mutanen Sifawa ne su kansu, ba aro aka yi daga Turai ba. A zamaninsu babu injin buga littafi a ƙasar nan. Littafi yana rayuwa ne idan wani ya zauna da alƙalami da tawada ya kwafe shi, wani ya zo ya kwafa daga nasa. Mai kwafi nagari yakan rufe aikinsa da sunansa, da sunan wanda ya rubuta dominsa, wani lokaci har da rana da wata, sannan ya roƙi mai karatu addu'a. Ɗalibi ba ya cewa ya san littafi don kawai takardunsa suna hannunsa, sai ya karanta shi a gaban malami ya karɓi ijaza. Shehu da kansa ya rubuta isnadansa, Abdullahi kuma a 1812 ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya durƙusa a gabansu da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Abin da ke faruwa idan sarƙar nan ta tsinke, akwai misalinsa a Gwandu. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya tashi daga Sakkwato ya nufi Gwandu, a can aka ba shi aron kwafin Tarikhus Sudan, ya duƙufa ya kwafi abin da lokaci ya ba shi dama. Ya kai wa Turai labarin daular Songhai, amma ya jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman Assa'adi ne ya rubuta shi, aka kuma ɗauki shekaru masu yawa ana maimaita kuskuren kafin a gyara. Barth kuwa mutum ne mai lura ƙwarai. In har hakan ta faru da shi, me za a ce da hoton shafi guda da ake turawa a WhatsApp, an rubuta a ƙasansa wai wasiyyar Shehu ce, ba a san gidan da ya fito ba, ba a ga farkon littafin ba balle ƙarshensa?

Sai an buɗe gafaka an kwance tadarishi ake gane yawan abin da hoton waya ke zubarwa. Littattafanmu na dā ba ɗinkakku ba ne, takardu ne a sake, an jera su tsakanin bango biyu an ɗaure da igiyar fata, babu lambar shafi. Abin da ke riƙe jerin shi ne kalma guda da mai kwafi ke rubutawa a ƙasan bayan takarda, wadda da ita takarda ta gaba za ta fara. Mai ɗaukar hoton da ya yanke gefe don rubutu ya fito raɗau, ya yanke wannan kalmar ke nan, ran da iska ta watsa takardun ko magada suka raba su, hotonsa ba zai taimaka wa kowa ya mayar da su ba. A gefen ne kuma ake samun ƙananan rubuce-rubucen ɗalibai, fassarar kalma da Fulatanci ko Hausa, da ƙarin bayanin da malami ya yi a zaure, waɗanda sau da yawa sun fi matanin kansa nuna yadda ake karatu a lokacin. Takardar ma shaida ce. Da yawa daga cikinta a arewacin Italiya aka yi ta, ta biyo ta Tarabulus da Masar ta ratso Sahara, in aka ɗaga ta a haske za a ga tambarin masana'anta a cikin jikinta, galibi jinjirin wata uku a jere. Da irin wannan tambari masana ke kintata shekarun takarda. In aka ce Shehu ne ya rubuta da hannunsa, sai ga tambarin masana'antar da ba ta fara aiki ba sai bayan rasuwarsa, magana ta ƙare. Hoton da aka ɗauka daga sama ba ya nuna tambarin, sai an sa fitila a bayan takarda. Haka tawada: ta gawayi da ƙaro a saman takarda take zama, ɗan yoyon ɗaki ya wanke ta, wadda aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe kuwa tana kama jiki, amma da daɗewa takan ci takardar har ta huda ta. Don haka aikin ƙwarai yana buƙatar a ɗauki kowace takarda gaba da baya har gefenta, da ma'aunin tsawo da na launi a kusa da ita, sannan a rubuta wane ne mai littafin, daga wa ya gada, a wane gari yake, wa ya ɗauki hoton, yaushe, da wace na'ura. Wannan rubutu na biyu shi ne isnadin kwafin, kuma shi ake yawan yi wa ƙiwa, domin ba abin nunawa ba ne ran bikin ƙaddamarwa.

Ba a ce ba a yi komai ba. Tun shekarun 1950 da 1960 aka fara tattarawa a Jami'ar Ibadan, da gidan tarihi na Jos, da taskar gwamnati ta Kaduna. Shirin binciken tarihin Arewa na Zariya, ƙarƙashin Abdullahi Smith, ya tura Murray Last da wasu suna bin malamai gida-gida suna ɗaukar hoton littattafai a kan siririn fim, sannan aka kafa Arewa House a Kaduna a 1970. A Sakkwato akwai littattafan gidan Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, akwai hukumar tarihi da al'adu mai ɗauke da sunansa, akwai kuma Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 1995 John Hunwick ya fitar da kundin da ya jero rubuce-rubucen malaman wannan yanki da wuraren da kwafinsu yake, a 1997 kuma Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukan Nana Asma'u. Shirin ceto taskokin da ke cikin hatsari na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki nauyin ɗaukar hoton waƙoƙin jihadi na Fulatanci da aka rubuta da ajami, Jami'ar Boston kuma ta ɗora ajamin Hausa a intanet. Aibin shi ne an yi aikin gutsi-gutsi, kowace taska da lambobinta da tsarinta, bayanan kuma kusan duk da Turanci, sunayen littattafai an rubuta su da boko mai ɗige-ɗige wanda malamin zaure ba zai gane Najmul Ikhwani a cikinsa ba. Sakamakon haka, ɗalibi a Landan ko Boston ya fi malamin Sifawa sauƙin ganin abin da aka rubuta a Sifawa.

Ko hoton ya zo hannu ma, kwamfuta ba ta san abin da ke cikinsa ba sai an buga shi harafi-harafi. Rubutunmu na Magribi ne, fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, ga ɗigon imala na ruwayar Warshu. Sai a 2016 ma'aunin haruffa na duniya, wato Unicode, ya ware wa fa'un da ƙaf da nun irin namu gurabensu, a 2020 ya ƙara wasu haruffan da ajamin Hausa ke buƙata. Manhajojin karanta rubutun hannu da aka horar da rubutun Masar da Sham suna tuntuɓe da zarar sun haɗu da namu. Waɗanda za su iya koya musu kuwa su ne alarammomi da gardawan da suka tashi da allo, mutanen da ba a cika gayyata ba idan ana taron fasahar zamani.

Ƙorafi na farko da ake ji daga masu littattafan shi ne, in an ɗauki hoto an kwashe gadonsu ke nan. Kada a yi saurin kiran wannan duhun kai. A 1890 sojan Faransa Archinard ya ci Segu ya kwashe ɗakin karatun gidan Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna a Sakkwato har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Bello, kuma har yau littattafan suna Paris. A nan gida ma kowane gidan malamai yana da labarin littafin da aka ara ba a mayar ba. Sannan ba komai ne ke cikin gafaka na kowa da kowa ba: akwai wasiƙun dangi, akwai nasabar da ke iya tayar da rigimar sarauta, akwai laƙani da asirin da malami ba ya ba kowa sai wanda ya yarda da shi. Amma abin da ya faru a Tambutu ya nuna inda maslaha take. A Janairun 2013 masu tayar da ƙayar baya suka ƙone ko suka salwantar da rubuce-rubuce kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, yayin da Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa suka yi fasa-ƙwaurin kimanin 350,000 zuwa Bamako a cikin akwatunan ƙarfe. Iyalai sun yarda sun ba da nasu ne saboda an tabbatar musu mallaka tana nan a hannunsu, da wannan sharaɗi aka yi shekaru ana ɗaukar hotunan, har Google ta fito da shafuka sama da 40,000 a 2022 a shirinta na Mali Magic. Darasin ga Boɗinga a fili yake. Kyamara ce za ta je zauren mai littafi, littafi ba zai bar gida ba. A rubuta yarjejeniya da Hausa, da boko da ajami. Mai littafi shi zai fara karɓar kwafi, shi zai ce wannan a buɗe wa duniya, wannan sai mai bincike da izini, wannan kuwa a adana kawai. Gara da gobara ba sa neman izinin kowa, kuma littafin da ke da kwafi ɗaya tak a duniya ya fi wanda aka ɗauki hotonsa kusa da salwanta.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, domin masana ne ke yin sa: takarda ta fi kwamfuta tsawon rai. Gaskiya ne. A 1986 BBC ta tattara bayanin Birtaniya baki ɗaya, da hannun ɗaruruwan dubban 'yan makaranta, ta zuba a faifan zamani don cikar shekara 900 da wani kundin ƙidaya na 1086. Kafin 2002 da ƙyar ake samun na'urar da za ta karanta faifan, sai da aka kafa aikin ceto na musamman, alhali kundin 1086 yana nan ana karanta shi. A Oktoban 2023 kuma masu kutse suka afka wa Ɗakin Karatu na Birtaniya, shafukansa suka yi watanni a rufe. In haka ta sami Landan, ina ga ma'ajiyar bayanai guda a cikin durowar ofis, a zafin bazarar Sakkwato da ƙurar hunturu da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa? Sai dai wannan hujja ba ta rushe aikin ba, ta nuna sharaɗinsa ne. Najmul Ikhwani bai iso gare mu don takarda ɗaya ta yi ƙarko ba, ya iso ne don an yi ta kwafe shi a garuruwa dabam-dabam, in na Gwandu ya ƙone na Yola yana nan. Haka kwafin kwamfuta: a ajiye shi a wurare uku ko fiye da ba gobara ɗaya ko ambaliya ɗaya za ta haɗa ba, a tsarin fayil da kowace manhaja ke buɗewa, a riƙa duba lafiyarsa, a riƙa mayar da shi sabuwar ma'ajiya kafin tsohuwar ta mutu. Aiki ne na albashi da kasafi na kowace shekara. Tallafin da ya zo ya sayi kyamara ya tafi bayan shekara biyu bai adana komai ba. Kuma babu wanda ya ce a yi sakaci da takardar don an ɗauki hotonta. Ita ce asali, da ita za a yi hukunci in kwafi biyu suka saɓa.

Idan aka koma kan gini, a nan ne ake haɗa abu biyu da ya kamata a raba: auna abin da yake tsaye, da zana abin da ya shuɗe. Na farko ba shi da abokin gardama. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, wani ɓangarensa ya rufta a kan masallata ranar 11 ga Agusta 2023, mutane da dama suka rasu. Abin da ya sa aka san yadda bakan gizonsa da ginshiƙansa suke dalla-dalla shi ne awon da irin su Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan Foland, suka yi da igiyar awo da fensir shekaru da dama kafin nan, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. A Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram. A Paris, awon da Andrew Tallon ya yi wa cocin Notre-Dame da hasken leza ya zama madogara bayan gobarar Afrilun 2019, shi kuwa ya rasu kafin gobarar, aka sake buɗe ginin a Disamban 2024. Shirin Zamani na Jami'ar Cape Town ya yi irin wannan awo a masallatan Jenne da Tambutu. Surame, birnin Kanta, wanda aka ayyana abin tarihi na ƙasa tun 1964, ya cancanci irinsa, haka kufan Alƙalawa da Ɗegel. A Sifawa abin da ake buƙata bai kai haka wuya ba: taswirar garin daga sama kamar yadda yake yau, da awon duk wani kufai, tsohuwar rijiya, maƙabarta, da kowane wuri da dattawa ke nunawa su ce nan aka yi kaza, tare da sunan wanda ya faɗa da wanda ya jiyo daga gare shi. Amma awo kaɗai ba ya tayar da soro. Hubbarorin Tambutu da aka rusa a 2012, maginan garin ne suka sake gina su a 2015 da ilimin da suka gada. Sanin yadda ake cuɗa ƙasa, da murza tubali, da jera azara, da dafa makuba, yana kan magina, su ma suna tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo.

Na biyun, zana garin 1812 a kwamfuta, shi ne mai jan hankali, shi ne kuma mai hatsari. Rauɗul Jinani na Waziri Giɗaɗo ya adana sunayen mutanen da ke kewaye da Shehu, littattafai sun gaya mana abin da ake karantarwa, amma ba su ba mu tsawon katanga ko faɗin zaure ba. Kwamfuta kuwa ba ta iya zana rashin sani. Dole bango ya sami tsayi, ƙofa ta sami launi, sai mai zane ya cike gurbin da abin da ya saba gani, ƙubbobin Maroko ko fadojin finafinan Larabawa da Turkawa. A ƙarshe a sami Shehu a cikin ƙasaitacciyar fada, mutumin da aka sani da zuhudu, wanda ya soki sarakuna kan almubazzaranci, wanda ƙanensa ya taɓa barin jama'a ya kama hanyar gabas har Kano don takaicin son duniyar da ya ga ya shigo. Irin wannan zane ƙarya ce a kan mutumin, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Mun riga mun ga somin-taɓi a hotunan da ke yawo a Facebook da sunan Shehu. Ya rasu a 1817, Bello a 1837, kyamara kuwa sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke fitar da fuska cikin daƙiƙa, abin zai ninka. Masana gyaran kayan tarihi sun daɗe da gane wannan tarko. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta ce gyara ya tsaya inda zato ya fara, ta Landan ta 2006 kuma, wadda aka tsara musamman don zanen kwamfuta, ta nemi a bayyana hujjar kowane ɓangare da matsayin tabbacinsa. Malaman hadisi ba za su ga baƙon abu a nan ba, tunda su ma ba sa jera ingantacce da mai rauni ba tare da sun faɗa ba. Zanen Sifawa na gaskiya zai nuna abin da aka auna da launi guda, abin da littafi ya ambata da wani, abin da dattawa suka ruwaito da wani, zato kuma a bar shi dishi-dishi, in an taɓa kowane bango ya faɗi daga ina aka samo shi.

Za a ce wannan tsanani zai kashe armashin abin, matasa kuma ba za su zauna karanta Larabcin ƙarni na 19 ba, sai an ba su abin kallo. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba a hana abin kallo ba. Taswirar da yaro zai bi da yatsa daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ya ga Tafkin Kwatto, ya gangaro Gwandu, ya iso Sifawa, ya ƙare a Sakkwato, a kowane zango ya ga shafin littafin da aka rubuta a wurin ya ji an karanta masa da Hausa, ba ta rasa armashi ba, kuma ba a yi masa ƙarya ba. Wasu malamai kuma suna tsoron mayar da hankali kan wurare da kaburbura zai kai ga wuce gona da iri, wasu suna ganin shigar kyamara wuri mai alfarma rashin ladabi ne. Ɓangarorin biyu suna da amsa guda: awo da rubuta ruwaya ba ibada ba ne, shaida ce, kuma shaidar da aka rubuta da isnadi ita ke hana a ƙirƙiro sabon labari a kan tsohon wuri. Inda masu wuri suka ce kada a shiga, ba a shiga.

Akwai gadon da ya fi takarda da laka saurin tafiya, ana kuma mantawa da shi saboda kusancinsa da mu. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, kalmominta suna rubuce, amma karin da ake rera ta da shi ba ya kan takarda, yana bakin tsofaffin mata da suka gaji karatun 'yan taru da masu rera waƙoƙin wa'azi. A Shagari kuma, garin Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983 ya rasu a Disamban 2018, tarihin ƙarni na 20 ne ke jiran mai ceto. Shi kansa malamin makaranta ne, marubucin Waƙar Nijeriya, wanda ya haɗu da Jean Boyd suka rubuta littafi kan shugabancin Shehu a 1978. Shaidun zamaninsa suna kan kaset, da faifan rediyo, da hotunan da ke manne wa juna a cikin akwati, da takardar ofis mai rawaya tana karyewa, wadda ba ta da rabin ƙarkon takardar Italiya. A 2019 UNESCO ta yi gargaɗin cewa na'urorin kunna kaset da kayan gyaransu suna dab da ƙarewa a duniya. Tafsirai da hirarraki da waƙoƙin da ke taskar gidajen rediyo da ɗakunan mutane suna cikin wannan lissafi.

Saura ƙorafin da ya fi kowanne saurin zuwa baki: ana fama da yunwa da 'yan bindiga, wa ke ta tsofaffin takardu? Rashin tsaron shi ne dalilin gaggawar. Alƙalawa tana ƙasar Sabon Birni, inda hare-hare suka tashi ƙauyuka da dama, yankin Gudu da Tangaza ma ba ya zaune lafiya, kuma wanda ya gudu cikin dare ba ya tsayawa ɗaukar gafakar kakansa. Boɗinga tana kusa da Sakkwato, ga jami'a, ga masu karanta rubutun, don haka nan ne ya fi sauƙin farawa a koyi aikin kafin a kai shi inda ya fi wuya. Kayan aikin, kyamara da maɗaurinta da fitilu da kwamfuta da ma'ajiyoyi da farantin sola, ba su kai kuɗin motar babban jami'i guda ba. Abin da ke da tsada shi ne haƙuri da amana. Jerin aikin ma a bayyane yake: muryoyin tsofaffi da kaset tukuna, sai takardu, sai awon ƙasa, zanen garin dā kuwa ya zo a ƙarshe, bayan an tara abin da zai tsaya a kai. Duk shirin da ya fara da zane ya fara ta wutsiya.

Majalisar Sarkin Musulmi ce ke da bakin da gidajen malamai za su saurara, ita ya kamata ta yi kiran ta kuma tsaya a kan yarjejeniyar. Hukumar Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa kundin bayani guda da Hausa da Larabci, su nemi kwafin abin da ke Ibadan da Zariya da Kaduna da Landan ya dawo gida, ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su ɗauki albashin matasa kaɗan da suka iya ajami da kwamfuta. Kai kuma mai gafaka a ɗaki, kada ka jira su. Kafin damina ta kama, ɗauke ta daga ƙasa da jikin bango, ka duba ko gara ta shiga, kada ka liƙa wa takarda salatif, sannan ka samu dattijon gidanku ya gaya maka na wane ne, daga wa ya karɓa, ka rubuta a takarda dabam ka sa a ciki.